ABIN DA NA BINNE A BAKIN ƘOFA

Shafi na 14

Wata ranar Asabar cikin Agustan 2003 na bar mace ta ɗauki laifina a ka ta fita da shi daga unguwarmu Diguel.

Masu aiko min saƙo kuna cewa kwana tara ban saka komai ba, na gani. Lafiyata lau. Wannan shafin ne ba na son rubutawa. Ga shi, ku karanta ku sarara min.

Raliya 'yata ta ci jarrabawar Bak ta gama sakandare, shekara biyu bayan rasuwar uwarta Lauratu. A unguwarmu in yaro ya ci Bak, rago ake yankawa, a kunna kaset, a ci a watse. Ni kuwa shekara ashirin da shida ina koyar da adabi a lise, wato sakandare, ɗakina cike da littattafai har ɓerayen ciki sun fi wasu ɗalibaina sani. Na ce walimar 'yata ba za ta yi kama da ta kowa ba.

Sai na shirya wasa. Irin wanda na sha karantawa a littattafan ban tsoro, inda mamaci yake barin takardu, kowace ta kai ka ga ta gaba, har ka isa inda aka ɓoye dukiya. Raliya da ƙawayenta za su bi sawu bayan an ci abinci, su ɗan tsorata, su yi ihu, su yi dariya.

Takarda biyar na rubuta. Da ajami, da tawadar allo, don rubutun boko ba ya ba kowa tsoro. Na jiƙa su da ruwan shayi, na kara su a hayaƙi har suka yi kamar sun shekara. Na naɗe kowace cikin ƙyalle, na ɗaure da baƙin zare. Ta farko na binne ta a bakin ƙofar gida.

Na san duk Bahaushen da ke karanta wannan ya riga ya dafe kai. Ni ban dafe ba. Na karanta littafi ya fi dubu, babu ɗaya da ya tuna min abin da ƙulli mai baƙin zare yake nufi a bakin ƙofar mutanenmu.

Ƙyallen kuma daga zanin Lauratu na yanko shi. Shuɗi ne mai ɗigon fari, na mahaifiyarsu ne tun asali. Da aka zo rabon kayanta, yayarta Fadima ta neme shi, na rantse mata cewa tun Lauratu tana kwance ya ɓace. Ƙarya na yi. Hansatu na roƙa ta ɓoye min shi, don ƙamshin matata yana jikinsa.

Hansatu maƙwabciyarmu ce, 'yar Kousseri da ke ƙetaren gadar iyaka, mijinta mahauci ne ya rasu ya bar ta a ɗakin haya jikin katangarmu. Wata takwas tana jinyar Lauratu. Ita ce wanki, ita ce shara, ita ce ɗagawa da kwantarwa, a lokacin da 'yan uwa na jini suke zuwa da lemo biyu su zauna su ba da labarin biki.

Dukiyar da na ɓoye a ƙarshen wasan littafin rubutu ne, na tatsuniyoyin da Lauratu ta riƙa faɗa min ina rubutawa tana kan gado. Na yi masa bango da tsakiyar zanin. Nufina yarinya ta tara ƙyallaye biyar, ta isa ga littafin, ta gane na wane ne.

A littafi, nan ne mai karatu yake hawaye.

Ruwa aka kwana ana yi ranar Juma'a. Ya wanke ƙasar bakin ƙofa.

Da hantsi mata sun cika tsakar gida, tukwane uku a kan murhu, Raliya ta tafi kitso da ƙawayenta. Ina ɗaki ina gyara jawabin da zan buɗe wasan da shi, ina gwada muryar fatalwa a hankali, ni, mutum mai shekara hamsin da huɗu. Sai na ji salati.

Sannan muryar Fadima.

"Tahir! Fito ka ga abin da ya kashe min ƙanwa!"

Na fito da alƙalami a hannu.

Zinariya, matar mai shagon kusurwa, ita ce ta gani tana share ruwa daga ƙofa. Ƙullin yana ƙasa, mata sun yi masa zobe, ba mai matsawa kusa.

"Yaya, wannan ai..."

"Ai me? Shehin boko, yau ma za ka ce camfi ne? Shekara nawa kana min dariya in na ce ciwon nan ba na asibiti ba ne?"

"Yaya, ki bari in yi bayani."

"Dakata."

Ta sunkuya. Ta juya ƙullin da tsinke. Na ga lokacin da ta gane ɗigon farin.

"Zanin Innarmu ne."

Ta juyo gare ni. Tukunya kaɗai ke magana.

"Tahir, wannan ne zanin da na tambaye ka?"

"Shi ne."

"Ka rantse min ya ɓace tun tana kwance. Ka rantse ko ba ka rantse ba?"

Mata sun fi ashirin. Akwai uwayen ɗalibaina a ciki. Akwai waɗanda na gyara wa 'ya'yansu wasiƙa, akwai waɗanda na yi wa gorin jahilci a bayan ido da gaban ido. In na buɗe baki, ga abin da zan ce: na yi rantsuwar ƙarya, na sa almakashi a zanin matata da ta mutu, don yara su yi wasa.

"Na rantse," na ce.

"To kalas, magana ta ƙare. An sace shi tana da rai, an yi mata aiki da shi. Zinariya, ke kin yi allo. Karanta mana."

"Ni? Wallahi ba zan taɓa ba."

"Wa ya ce ki taɓa? Miƙo wuƙar nan."

Ta yanke zaren, ta baje takardar da bakin wuƙa. Zinariya ta leƙa daga nesa, tana haɗa baƙi kamar mai taka ƙaya.

"Wadda... ta kwanta... ba ta tashi ba... tana jiranki... inda ruwa yake kwana."

Wata ta saki ludayi.

"Dubi yadda takardar ta tsufa," in ji Zinariya. "Wannan ta fi shekara biyu a ƙasa."

Kwana uku ta yi. Na iya aikina.

"Inda ruwa yake kwana," Fadima ta maimaita. Ta ɗaga kai. "Randa. Ku ɗaga randar nan."

Suka ɗaga. Ƙulli na biyu yana nan inda na sa shi.

Ban san yadda zan gaya muku wannan ba tare da kun yi dariya ba, kuma kuna da dama. Wasana ya yi aiki. Mata ashirin suna bin takarduna ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda na tsara, daga randa zuwa rufin madafa, daga rufin madafa zuwa kogon dalbejiya, suna salati, wasu suna kuka. Ban taɓa samun ajin da ya bi darasina da zuciya ɗaya haka ba.

Ta huɗu ce ta tsayar da su.

"Je ki... inda matattu... suke magana... ba su da baki."

"Maƙabarta ke nan," wata ta ce. "Har can aka kai aikin."

"La'ilaha illallahu."

Ba wadda ta kalli ɗakin littattafaina. Na ji daɗin haka. Ku rubuta wannan ma a cikin laifina.

Fadima ta jera ƙulli huɗu a ƙasa. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Wa yake wanke kayan Lauratu tana kwance?"

Ta bi fuskokin matan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yake cika randar nan? Wa yake shiga madafar nan kamar ta gidan ubansa?"

Hansatu tana gaban murhu, muciya a hannu, gumi yana bin wuyanta. Tun da aka fara ba ta matsa daga wurin ba. Ita kaɗai ce a gidan ta san inda zanin ya kwana shekara biyu.

"Hajiya, ni kike nufi?"

"Na kira suna?"

"Ba ki kira ba. Idonki ya kira."

"To tunda kin amsa. Wata takwas kina shiga kina fita, muna cewa Allah ya yi miki albarka. Ashe gidan kike so."

"Hajiya, ni da ke muka yi mata wanka."

"Shi ne abin da yake ƙona min rai! Hannun da ya binne wannan shi ya taɓa gawar ƙanwata!"

"Ki ji tsoron Allah."

"Ke kika ji shi?"

Daidai nan Raliya ta shigo, rabin kanta a kitse, wata ta ruga ta kira ta. Ta dubi ƙasa, ta dubi fuskoki.

"Inna, me ya faru?" ta tambayi Fadima.

"Zo ki ga wadda ta mayar da ke marainiya."

"Iya Hansatu? Haba Inna!"

"Iyar wa? Kada in ƙara jin kin kira ta haka."

Hansatu ba ta kalli Fadima ba, ba ta kalli Raliya ba. Ni ta kalla. Babu roƙo a idon, babu barazana. Kallon mai jiran abin da ta tabbata zai zo ne, kamar mai jiran kiran salla.

"Malam," ta ce, "kai ne mai gida. Ka yi magana."

Da ta so, da kalma ɗaya ta gama da ni. Ta ce Malam ne ya ba ni zanin in ɓoye, Malam na mayar wa. Ba ta ce ba. Ta bar min ƙofa a buɗe in shiga da ƙafata.

Ni kuwa, mai jawabi a aljihu, na ce:

"Allah shi ne masanin gaibu."

Na sha karanta yadda fuskar mutum take canjawa in an ci amanarsa. Marubuta ƙarya suke yi. Tata ba ta canja ba ko kaɗan. Ta jingina muciyar a jikin tukunya, ta goge hannu a zani.

"Zinariya, ki duba shinkafar nan, ta kusa kamawa."

Ta fita. Mata suka dare mata hanya kamar mai kuturta.

Kafin azahar labari ya kai babbar kasuwar Grand Marché ya dawo. Matar mai gidan hayarta ta ce ba za ta kwana da mai binne-binne a gida ɗaya ba. Wani ya jefi ƙofarta da dutse. Ina ji daga ɗakina.

Ragon dai an ci shi. Maza suka zo suka yi min jaje da murna a haɗe, suna tsotsar ƙashi. Wani ya dafa ni ya ce, "Malam, yau ka ga iyakar boko." Na ce na gani.

Bayan azahar na shiga ɗaki don in ɗauke ƙulli na biyar in ƙona. Na tarar da Raliya zaune a kan tabarmata. Ƙullin yana kwance a gefenta. Littafin yana kan cinyarta, a buɗe.

"Inda matattu suke magana ba su da baki," ta ce. "Tun ina 'yar shekara bakwai kake gaya min haka in na taɓa maka littafi da hannun miya."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Baba, wa ya koya min ajami?"

"Ni."

"Wa yake jan wutsiyar baƙi har ta shiga layin ƙasa?"

"Raliya, wasa ne na shirya miki. Don ki ji daɗi. Da an bari an kai ƙarshe..."

"Na kai ƙarshe. Ga ni."

Ta shafa bangon littafin. Ta daɗe tana shafawa. Hawayen da na tsara sun zo, a kan shafin da na tsara.

"Muryar Mama ce. Har yadda take cewa 'to, to' kafin aljana ta fito, ka rubuta."

"Na rubuta."

"Iya Hansatu ta san zanin yana wurinka?"

"Ita ta ɓoye min shi."

Ta rufe littafin a hankali.

"Ta sani, ta tsaya a gaban mutane ana kiranta mai kisa, tana jiranka."

"Ba ki san Innarki ba. Da na faɗa, har in mutu..."

"Har ka mutu ana maka dariya. Ita fa? Har ta mutu ana mata me?"

Na koya wa yarinyar nan yadda ake warware hujja. Ban san a kaina za ta fara ba.

"Ta kulle ɗaki tun ɗazu," ta ce. "An ga ta hau mota da ƙunshin kaya. Ngueli ta nufa, bakin gadar Kousseri."

"Ki gaya wa Innarki, ni in bi ta."

"A'a. Ba zan ara maka baki ba, Baba. Naka ya fi na kowa kaifi a unguwar nan."

Na fita da rigar da ke jikina. Sai da taksi ya wuce rabin hanya na tuna katin shaidata yana aljihun ɗaya rigar.

Ngueli kamar kullum. Babura, 'yan dako, mata da buhunan sukari da sabulu, kowa yana sauri ya haye gada kafin a rufe. Na bi layin masu ƙafa ina leƙa fuskoki. Can kusa da shinge na hango ta, ƙunshi a ka, tukunya ɗaya a hannu. Shekara goma sha ɗaya a Diguel, abin da ta fita da shi ke nan.

"Hansatu!"

Ta juyo. Ba ta yi mamaki ba.

"Malam. An watse?"

"Hansatu, ki saurare ni. Abin da ya faru ɗazu..."

"Kada ka faɗa."

"Dole in faɗa."

"Ba a nan ba. In ka faɗa a nan, ni da masu babur muka ji. Ni kuwa na riga na sani. Me zan yi da shi?"

"Ki dawo. Zan gyara."

"A gaban mata ashirin aka ɓata. Kana da mata ashirin a aljihu?"

Wani mai babur ya yi mana tsawa da Larabci mu ba shi hanya. Muka matsa gefe. Ta sauke tukunyar, ta canja hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Malam. Me ka yi da sauran zanin?"

Na gaya mata. Littafin, tatsuniyoyin, wasan, duka. Ina faɗa ina jin yadda yake fita daga bakina kamar shirmen yaro.

Ta yi ɗan murmushi.

"Da ka tambaye ni, da na ce maka kada ka sa baƙin zare. Ni da ban san alif ba."

"Hansatu..."

"Raliya ta ga littafin?"

"Ta gani."

"To alhamdu lillahi. Ko ba komai wannan ya isa inda aka aike shi." Ta ɗauki tukunyar. "Nawa ne bai isa ba."

"Naki?"

"Lauratu ta bar min saƙo. Kwana biyu kafin ta cika. Ta ce in riƙe, kada in ba ka sai ranar da Raliya ta gama makaranta. Yau da na gama kwashe shinkafa zan ba ka."

Na matsa kusa da ita.

"Wane saƙo? Me ta ce?"

"Ka tara Hajiya Fadima, da Zinariya, da duk wadda ta tsaya a tsakar gidan nan. Ka faɗa musu da bakinka. Sannan ka aiko gidan ƙanena Hamisu a Kousseri, in zo in ji, in ba ka amanarka."

"Ki faɗa min yanzu, don Allah."

"Allah shi ne masanin gaibu, Malam."

Ta shiga layi. Na bi ta har shinge, aka tambaye ni kati, na laluba aljihun da na san babu komai a ciki. Ina tsaye ina kallon ƙunshin kanta yana tafiya a kan gada, yana ƙanƙancewa, har ya shige cikin sauran.

Kuna tsammani washegari na tara matan.

Lahadi na ce a bari ƙura ta lafa. Litinin na rubuta abin da zan faɗa, shafi uku, na yaga. Talata na je har ƙofar gidan Fadima, na ji muryarta tana ba wasu baƙi labarin, tana kuka, na wuce kamar mai neman wani gida. Raliya tana ajiye min abinci a bakin ɗaki ba ta cewa komai. Laraba na sake rubutawa, shafi ɗaya, na ce gobe.

Alhamis da hantsi aka yi sallama.

Dogon mutum ne, da hular mahauta, laka har gwiwar wandonsa. Na shimfiɗa masa tabarma. Bai zauna ba.

"Kai ne Malam Tahir?"

"Ni ne."

"Ni ne Hamisu. Ka sa takalminka. Yaya Hansatu tana kiran sunanka tun asuba, kuma ba na jin za ta kai la'asar."

"Me ya same ta?"

"Ka sa takalminka, Malam."

Wannan karon na ɗauki katin. Na hau bayan babur ɗinsa, takardar jawabin tana aljihuna, ban ko tuna da ita ba. Tun daga Diguel har gada kalma uku kawai nake juyawa a baki, ina gyara su, ina jiran in isa in ajiye su a gabanta ko da ba mace ɗaya a ɗakin.

Kafin mu isa ta cika. Ga su nan a rubuce, inda mutum dubu za su gani, ban da ita.

Ni na binne.